Ƙwayar Cutar da ta Ɓuya a Tankin Ruwan Ɗakin Tiyata

A shekarar 2012 likitocin Asibitin Jami'ar Zurich da ke ƙasar Suwizalan suka ci karo da wasu majinyata biyu masu wata cuta da ba a saba gani ba. An taɓa yi wa kowannensu tiyatar zuciya a wannan asibiti shekarun baya, kuma a jikin dukansu an sami ƙwayar bakteriya iri ɗaya mai suna Mycobacterium chimaera. A da an fi saninta a ruwa da ƙasa, sai kuma huhun masu raunin jiki. Me ya kai ta zuciya?

Zuciyar ɗan Adam tana da bawul guda 4, wato ƙananan ƙyamare masu buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya komo baya. Idan ɗaya ya lalace, saboda tsufa ko kuma ciwon zuciyar da kan biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba, wanda ya yawaita tsakanin yara da matasan Afirka, sai a musanya shi. Tun 1960 ake sa bawul na ƙira, wani na ƙarfe da sinadarin kabon, wani kuma daga naman zuciyar dabba. Sai dai jini ba ya ratsa jikin irin wannan bawul, don haka garkuwar jiki ba ta iya tsaronsa sosai. Bakteriya kan manne masa, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi mai kama da gansakuka, wanda magani ke shan wuyar ketawa.

Ƙwayar da ta fi yin wannan ɓarna, Staphylococcus, gaggawa gare ta. Ita kuwa chimaera, wadda 'yar uwar ƙwayar tarin fuka ce, sanɗa take yi. Sai a 2004 masana a Italiya suka bayyana ta, suka sa mata sunan wani dodo na tatsuniyoyin Girkawa mai kan zaki da jikin akuya da wutsiyar maciji, domin ƙwayoyin halittarta sun yi kama da gamin gambiza. Takan yi fiye da shekara ɗaya, wani lokaci har biyar, kafin alamu su fito: zazzaɓi, da gumin dare, da rama, da kasala. A ɗakin gwaji ma sai ta yi makonni kafin ta tsiro, kuma sai an nemi irinta takanas. Wannan ya sa aka ɗauka wasu majinyata wata cutar kumburi ce ke damunsu, aka ba su maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, abin ya ƙara muni.

Binciken da aka buga a 2015 ya gano maɓoyarta. Yayin tiyata akan tsayar da zuciya, wani inji ya ɗauki aikinta da na huhu. Kusa da shi akwai wata na'ura mai tankin ruwa, mai ɗumama jinin ko sanyaya shi. Ruwan ba ya taɓa jini ko kaɗan, shi ya sa ba wanda ya zarge shi. Ashe ƙwayar ta yi gida a cikin tankin, fankar na'urar kuma tana hura ƙananan ɗigon ruwan cikin iskar ɗakin, su sauka a buɗaɗɗen ƙirji. A 2016 masu bincike a Suwizalan suka saki hayaƙi kusa da na'urar, aka ga yadda iskarta ke kaiwa teburin tiyata.

Daga nan aka sami masu cutar a Jamus da Holan da Ingila da Amurka da Ostireliya. A 2017 aka kwatanta ƙwayoyin halittar bakteriyar majinyata da na na'urorin, sakamakon ya nuna cewa mafi yawansu daga tushe ɗaya suke, wato masana'antar da ke ƙera na'urar a Munich ta Jamus. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta a 2016 cewa a asibitin da aka taɓa samun cutar, haɗarin kamuwa yana tsakanin mutum 1 cikin 100 da 1 cikin 1,000. Kaɗan ne, amma kusan rabin waɗanda aka fara ba da rahotonsu sun rasu.

Magani shi ne haɗin magunguna uku ko huɗu na tsawon shekara ko fiye, kuma galibi sai an sake buɗe ƙirji an cire bawul ɗin. Asibitoci da dama sun fitar da na'urar daga ɗakin tiyata, ko sun killace iskarta, sun kuma tsaurara wanke tankin. Hukumomin lafiya a Amurka da Ingila sun sa an aika wa dubban majinyata wasiƙu, ana shawartar duk wanda zazzaɓi ko rama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ya gaya wa likita cewa an taɓa yi masa tiyatar zuciya, ko da shekaru sun shuɗe.