Gaskiya ko Jita-jita: Amfilifayar Mota Sai Mai Nauyi?

A wurin masu sayar da kayan sautin mota, sau da yawa hannu ne yake yanke hukunci kafin kunne. Mai saye zai ɗaga amfilifaya ya jinjina, in ya ji nauyi ya ce ga ta ƙwarai. In aka miƙo masa 'yar ƙarama da za ta shige ƙarƙashin kujera, sai ya ture ta gefe, wai kayan wasan yara ne. Ga wasu maganganu da suka zauna a bakin direbobi da masu haɗa waya, da abin da awo ya nuna game da su.

"Mai nauyi ita ce mai ƙarfi."
Jita-jita ce, amma tana da asali. Tsofaffin amfilifayoyi na ajin AB ne. Taransistocinsu suna aiki a buɗe rabi da rabi, don haka wutar da ba ta zama sauti ba sai ta zama zafi. Ko a lissafin takarda, irin wannan ƙira ba ta iya mayar da fiye da kashi 78.5 cikin ɗari na wutar da ta sha zuwa sauti, a aikace kuwa kashi 50 zuwa 60 ake samu. Wannan jibgegen gida na alminiyum mai haƙarƙari aikinsa kwashe zafi ne, ba ƙara sauti ba.

Ajin D ya bi wata hanya. Taransistocinsa ko dai a kunne suke gaba ɗaya ko a kashe, kuma suna wannan kunnawa da kashewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Daga nan matata ta tace abin da ya fito, ta miƙa wa lasifika sauti. Da haka yake kai kashi 80 zuwa 90. Idan ana son wat 500, ajin AB zai zubar da kusan wat 400 a zafi, ajin D kuwa kusan 100 kawai. Wanda ya san zafin cikin but ɗin mota a watan Afrilu ya san darajar wannan bambanci.

"Ajin D na ufa ne kawai, ba ya fitar da murya tas."
A da gaskiya ne, yanzu maganar ta tsufa. Wadda kamfanin Sinclair na Ingila ya fitar a 1964 wat biyu da rabi kacal take bayarwa, kuma ba ta yi suna da kyan sauti ba. Sony ya fito da tasa a 1978. Da ƙirar ta shigo mota, an daɗe ana barin ta ga ufa, wato lasifikar sauti mai kauri, domin saurin taransistocin lokacin bai isa ya riƙe siririn sauti ba. Yau kuwa ita ce a cikin wayar hannu da talabijin da lasifikar Bluetooth. Abin lura shi ne mai arhar da aka yi wa matata ta jeka-na-yi-ka tana iya sa rediyon mota ya riƙa shuuu.

"Wat 5000 ce, ga shi a rubuce a kwali."
Nan ne aka fi cutar mutane. Juya amfilifayar ka duba fis ɗinta. Mota tana tafiya, wutarta kusan bolt 14.4 ce. In fis ɗin na amfiya 40 ne, ninka 40 da 14.4, ka sami wat 576. Cire abin da zafi zai ci, saura kusan 480. To ina 5000 za ta fito? Lambar da ake rubuta wa PMPO ko MAX ta talla ce. Wadda ake dogara da ita ita ce RMS, musamman in an auna ta bisa ƙa'idar CEA-2006 ta Amurka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

"Ƙarama ba ta cin batir, kowace waya ma ta ishe ta."
Rabin gaskiya. Tana rage ɓarna, amma ba ta ƙirƙirar wuta. Mai bayar da wat 1000 na haƙiƙa za ta ja kusan amfiya 80 in an ƙure ta, alhali altanetar ƙananan motoci da yawa ba ta fi 100 ba, ga fitilu ga na'urar sanyaya mota suna jiran rabonsu. Kafasita ma ba ta magance wannan, domin ajiye wuta take na ɗan lokaci. Sai kuma waya: akwai ta alminiyum da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, kuma alminiyum kusan kashi 60 yake ɗauka na abin da jan ƙarfe zai ɗauka. Kankare bakinta, in ka ga fari a ciki ka san abin da aka ba ka.

"In ka ninka wat, ƙara ta ninku."
Jita-jita. Ninka wat desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninku, sai an ninka wat kusan sau goma.

Saboda haka in za ka saya, nemi lambar RMS, lissafa fis, ka sa rewaya ya ja maka waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, ya kuma ɗaura fis kusa da batir. Wannan fis ɗin shi ne zai hana motarka kamawa da wuta ranar da waya ta goge ta taɓa ƙarfe.