Alƙalamin Japan Mai Murfin Dannawa da Aikin Ɗalibin Harshe a Ƙasar Tasawa

A watan Janairun 1851 Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya tattara kalmomin Hausa da na wasu harsunan Afirka, ya yada zango a Tasawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Abin da kunnensa ya ji, hannu ne ya adana shi a takarda. Ɗalibin kimiyyar harshe da ke fita bincike a ƙauyukan Tasawa da Mayahi a yau yana da wayar ɗaukar murya, amma littafin rubutu bai bar hannunsa ba, domin a nan yake rubuta kalma yadda aka furta ta, tare da alamun karin sauti da na tsayin wasali. Saboda haka zaɓen alƙalami wani ɓangare ne na shirin bincike.

Rubutun Hausa ya dogara da ƙananan alamomi. Ƙugiya ɗaya ce ta raba baki da baƙi, ta raba daidai da ɗaiɗai. A Nijar kuma ana rubuta ƴ mai ƙugiya inda Nijeriya ke sa waƙafi a gaban y. Kuka na itace da kuka na hawaye haruffansu ɗaya ne, sai ɗan layin da aka ɗora kan wasalin ƙarshe na sunan itacen ya nuna sautin ya sauka. Idan bakin alƙalami ya yi kauri, tawada ta cike cikin ƙugiya, to bayan wata uku mai rubutun da kansa zai tsaya yana kokwanto, alhali dattijon da ya ba shi kalmar yana can nesa.

A nan ne alƙaluman Japan masu shan tawada suka yi fice. Kamfanoninsu uku da suka fi shahara tsofaffi ne: Sailor an kafa shi a 1911, Pilot a 1918, Platinum a 1919. Rubutun Japananci yana tara zane da yawa a cikin harafi guda, shi ya sa maƙeransu suka saba fiƙe bakin alƙalami siriri. Wanda suka sa wa alamar F ya fi takwaransa na Turai sirantaka. Malamin zaure da ke fiƙe alƙalamin kara daidai da girman ajamin da zai rubuta ya daɗe da sanin wannan hikima.

Sai dai batun murfi ya fi na baki buƙatar tunani. Murfi iri biyu ne, akwai na murɗawa, akwai na dannawa wanda ke kamawa da ɗan ƙara, ƙas. Hira da mai ba da bayani ba rubutu ne mai ɗorewa ba: a rubuta kalma biyu, a saurara, a sake tambaya, a jira a gama gaisawa da wanda ya shigo. Mai murfin murɗawa zai gaji da juyi, ya bar alƙalamin a buɗe, kuma a busasshiyar iskar hunturu bakin ba ya jimawa zai ƙafe. Na dannawa kuwa da motsi ɗaya ake buɗe shi, da motsi ɗaya ake rufewa, ido bai bar fuskar mai magana ba.

Yana da nasa aibin. Idan aka fizge shi da ƙarfi yakan tsotso tawada ta ɓata cikinsa, kuma makamin yana saki da tsufa. Ba kowane ne kuma ke toshe iska sosai ba. Platinum Preppy, duk da arahar robarsa, yana da wani ƙaramin murfi a ciki wanda waya mai tankwashewa ke dannawa a kan bakin, kamfanin kuma yana iƙirarin tawada za ta kai shekara ba ta bushe ba. Ana samunsa da baki mai lamba 02, 03 ko 05, kuma 03 ya ishi ƙugiya da alamar sauti. Rauninsa shi ne robar takan tsage. Pilot Metropolitan jikinsa ƙarfe ne, ya fi jure faɗuwa, amma ya fi nauyi. Pilot Kakuno, da aka ƙera don yara masu koyon rubutu, ba shi da maƙalin aljihu, wanda hakan cikas ne ga mai yawo kan babur. Ga ɗalibin da kuɗinsa ƙididdigagge ne, Preppy guda biyu sun fi mai tsada guda ɗaya amfani.

Akwai abin da mai saye kan manta. Ƴar robar tawadar da ake cusawa cikin Pilot ba ta shiga Platinum, ta Platinum ba ta shiga Sailor, kuma dukansu sun saɓa da samfurin da ya yaɗu a Turai. Wanda zai yi mako biyu a karkarar Mayahi gara ya sayi ƴar mazuƙar da ke jan tawada daga kwalba, ya tafi da kwalbarsa. Kada kuma sha'awa ta sa a ɗura tawadar allo a ciki, domin ƙaron da ke cikinta zai toshe siririyar hanyar da tawada ke bi. Idan aikin ya faɗo cikin damina, tawadar Platinum Carbon Black ba ta wankewa da ruwa bayan ta bushe, amma tana buƙatar a riƙa wanke alƙalamin a kai a kai. A zafin bazara kuwa iskar da ke cikin ma'ajiyar tawada tana kumbura ta turo ɗigo waje, musamman idan tawadar ta kusa ƙarewa, don haka a cika shi kafin a fita, a kuma soke shi a aljihu bakinsa na kallon sama.