Shara ko taki: Wa zai ɗauki nauyin juji a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

Wanda ya ratsa kasuwar Sheme ta ƙaramar hukumar Faskari bayan an watse zai tarar da abu biyu a ƙasa: kashin dabbobi da ledojin ruwa. Na farko dukiya ce da manomi kan biya kuɗi ya kwasa. Na biyun shi ke ɓata na farkon, domin takin da ya cakuɗe da leda yana ƙazantar da gona, akuyar da ta haɗiye ledar kuma cikinta ya ƙulle ta rame.

A nan ne abin da masana ke kira tattalin arziki mai zagayawa yake sauka daga takarda zuwa ƙasa. Ma'anarsa ita ce a daina ɗauka, a yi amfani, a yar. Abin da ya rage a hannun wani ya zama kayan aikin wani. A Turai gwamnatocin larduna ne ke ɗaga ƙananan garuruwa a kan wannan aiki. Lardin Emiliya-Romanya na Italiya, alal misali, ya yi doka a 2015 wadda ta kafa asusun da ke saka wa garuruwan da suka rage sharar da suke zubarwa.

Sunan ne baƙo a ƙasar Hausa, ba aikin ba. Tun kaka da kakanni manomin kudancin Katsina kan bar karan dawa da na masara bayan girbi, makiyayi ya sauka da garkensa a gonar, shanu su ci kara su bar taki. Harawa ta tafi turke, dusa ta tafi ga kaji da awaki, toka da sharar tsakar gida su taru a juji har bazara, a kai su gona a mangala. Ba a buƙaci kasafin kuɗi ba. Amana ce tsakanin mutum biyu ta riƙe tsarin.

Wannan amanar ce ta'addancin 'yan bindiga ya fara cinyewa. Duniya ta san Ƙanƙara ne da sace ɗalibai fiye da 300 na makarantar sakandaren kimiyya a watan Disamban 2020, amma akwai asarar da ba ta shiga kanun labarai ba: garken da aka kore, makiyayin da ya yi ƙaura, gonar nesa da aka daina zuwa. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi saboda tsaro, kuma ukun nan duk suna ciki. Inda dabba ta ragu, taki ya ragu. Manomi ya ƙara jingina ga takin zamani, sai kuma cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 suka ɗaga farashinsa.

To, aikin wa ne? Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wurin musu ba: kwashe shara, kula da kasuwanni, mahauta da tashoshin mota duk na ƙaramar hukuma ne. Wato wuraren da suka fi tara abin da zai zama taki suna hannun ciyaman tuntuni. Abin da bai kasance a hannunsa ba shi ne kuɗi, domin kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, sai dai aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasa.

Ko da kuɗin ya iso gaba ɗaya, akwai abin da ƙaramar hukuma ɗaya ba za ta iya ba. Leda da roba ba su da nauyi; sai an matse su an cika babbar mota kafin kai su masana'antun Kano, inda ake narka su a yi buta da bokiti, ya biya kuɗin mai. Sabuwa ita kaɗai za ta daɗe ba ta cika motar ba. Amma ƙananan hukumomin uku, waɗanda dama kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai, za su iya tara kayansu wuri guda kusa da Funtuwa. Gurbin jiha ke nan: injin matsewa da wutar da za ta juya shi, da tsaron hanya, da mai saye tabbatacce. Ƙofar neman kuɗi ma akwai ta, tunda Katsina na cikin jihohin arewa 19 da shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, ya shafa, kuma farfaɗo da ƙasar noma da ta gaji na cikin manufofinsa.

Sauran aikin ba ya jiran kowa. Ware fili a bayan kasuwa da mahauta, a raba leda da abin da ke ruɓewa tun a wurin, a tara a riƙa juyawa da ɗan ruwa na wasu watanni, hukuncin ciyaman da kansiloli ne kawai.

Akwai kuma 'yan bola jari, waɗanda su ne ke yin aikin a yau ba tare da albashin kowa ba. Zargin sata da ke bin wasunsu ba ƙage ba ne duka, kuma jihar Borno ta haramta tsintar ƙarafa a 2023 bayan kashe-kashen da aka yi wa masu shiga daji. Amma haramci a nan zai bar ledar a kwata ne, ya kuma ƙara yawan samari marasa sana'a a yankin da daji ke neman irinsu. Rajista da katin shaida da wurin awo sananne sun fi sauƙi, kuma ƙaramar hukuma na da ikon yin su da dokarta.

An zaɓi shugabannin ƙananan hukumomi 34 na Katsina a watan Fabrairun 2025. Kowannensu na gabatar da kasafin shekara ga majalisar kansiloli, kuma a cikinsa ne ake ganin nawa aka ware wa tsabtar muhalli da kuma inda sharar ke zuwa bayan an kwashe ta.