Koyon Ɗaukar Hoton Mutum Daga Littafi: Abin Da Ke Aiki a Hasken Kano

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo a Kano, daga wajen Fagge ya nufi Sabon Gari, ya san gidajen hoton da ake shiga don fasfo, hoton sallah ko na aure. Akasarin masu sana'ar nan a gaban maigida suka koya. Yanzu kuma akwai matasan da ke sayen kyamara 'yar gwanjo, su sauke littattafai a waya, su koya wa kansu. Hanyar tana ɓullewa, amma tana da tarko. Yawancin littattafan an rubuta su ne a Amurka da Turai, kuma misalan cikinsu na farar fata ne a ƙarƙashin rana mai sanyi. Wanda ya kwafi lambobinsu kai tsaye ya je ɗaukar biki, yana iya dawowa da fuskar ango ta dushe, babbar rigarsa kuma ta ƙone fat, ba a ganin ko zaren aikin da ke wuyanta. Biki kuwa ba a maimaita shi.

Matsalar tsohuwa ce. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi aka riƙa saita launi. Sai a 2021 Google ya fito da Real Tone a wayar Pixel 6 don gyara yadda kyamara ke ganin baƙar fata, abin da Tecno ya daɗe yana tallata wayoyinsa da shi a Afirka.

Littafin da ya fi cancantar a fara da shi shi ne Light: Science and Magic, wanda ya fara fitowa a 1990, domin ƙa'ida yake koyarwa. Ƙa'ida ta farko: gwargwadon girman abin da ke ba da haske idan aka kwatanta da fuska, gwargwadon laushin inuwa. Ranar tsaka a Kano, duk da girmanta, ɗigo ce a sama saboda nisanta, shi ya sa take zuba baƙar inuwa a kwarmin ido da ƙasan hanci. Ƙaramin filash na saman kyamara ma haka yake yi, sai dai ta gaba. Baƙar fata kuma da sheƙi take nuna siffarta. Idan hasken ƙarami ne, sheƙin sai ya zama ɗigo mai ƙuna a goshi kamar maiƙo. Idan babba ne kuma yana kusa, sai ya shimfiɗu a kumatu da karan hanci, fuska ta fito da cikarta.

A nan ne mai koyo zai tsira da kuɗinsa. Kafin ya sayi fitilun sitidiyo, yadi biyu na farin ƙyalle daga Kantin Kwari, da ke nan gefen titin, ya ishe shi. A shimfiɗa shi tsakanin rana da fuska, ya tace haske; a riƙe shi a ɓangaren inuwa, ya mayar da haske. Ƙofar zaure ma babbar fitila ce idan aka zaunar da mutum taku ɗaya daga ciki yana fuskantar waje. Hazon hunturu yana yin wannan aiki kyauta, ko da yake ƙurarsa ba ta raga wa gilashin kyamara. Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, da hasken tsakar gida da zannuwa a bayan mutane ya ɗauki yawancin hotunan da ake baje kolinsu a duniya yau.

Ƙa'ida ta biyu lissafi ce: idan aka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa fuska yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa a hoton dangi na layin gaba ke haske, na baya su nutse. Maganin shi ne a ja fitilar baya, a ƙara mata ƙarfi.

Sai batun farar shadda. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani ruwan toka, don haka idan farin kaya ya cika hoto sai ta rage haske, fuska ta bi. Littafin Understanding Exposure na Bryan Peterson ya warware wannan da sauƙin harshe. A aikace, a ƙara haske da hannu har zuwa inda aikin rigar bai ɓace ba, a cike fuska da farin ƙyalle, a kuma ɗauka da tsarin RAW, wanda ke ajiye bayanan da JPEG ke zubarwa.

Wajen gyara, ko da Lightroom ne ko Snapseed na waya, kuskuren da ya fi yawa shi ne goge fata har ta koma kamar roba, a ɗaga haskenta har 'yan uwan amarya su kasa gane ta. Wasu masu hoton kan ce kwastoma ne ke nema, kuma gaskiya ne a wasu lokutan. Duk da haka, abin da ƙwararru suka saba bi shi ne a cire abin da zai tafi da kansa, kamar ƙurji ko gumi, a bar abin da aka san mutum da shi, kamar tsaga da launinsa. A kuma buga gwaji ɗaya a takarda kafin a miƙa aiki, domin allon waya yana nuna hoto da haske fiye da yadda zai fito daga injin.