Matashin kai na kujerar mota: mene ne amfaninsa?

In ka shiga mota daga Jiratawa zuwa Maradi, dubi saman kujerarka. Za ka ga wani ɗan matashi daidai ƙeyarka. Mutane da yawa suna zaton don jingina da barci aka yi shi. Amma babban aikinsa shi ne kare wuya.

In wata mota ta bugi taku daga baya, kujera takan ingiza jikinka gaba, kai kuwa ya fizgu baya. Wannan fizgar tana iya raunata jijiyoyi da ƙashin wuya, ko da ba a gudu sosai. Matashin ne yake tare kan. Shi ya sa tun 1969 dokar Amurka ta wajabta shi a kujerun gaba na sababbin motoci.

Kafin mota ta tashi:

1. Ka ɗaga shi har samansa ya yi daidai da saman kanka.
2. Kada tazararsa da ƙeyarka ta wuce faɗin yatsu uku.
3. In kai direba ne, kada ka cire shi.

Ciwon wuya yakan bayyana kwana ɗaya ko biyu bayan haɗari. In ka ji shi, kada ka bari a murɗa maka wuya a gida, ka tafi asibiti.