Get Mai Rimot a Ƙasar Noman Rani

Yau muna yankin Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke bin kanal yana ratsa gonakin shinkafa da tumatir da albasa, kuma zancenmu a kan ƙofar gida yake.

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma shimfiɗa aikin noman rani na Kadawa wanda yau yake hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, arzikin wannan yanki ya sauya. Manomin da a da yake jiran damina kaɗai, yanzu yana girbi sau biyu, wani ma sau uku. Wanda Allah Ya buɗa wa ya rushe ginin ƙasa ya yi na bulo, ya sayi mota, ya sa get na ƙarfe. To daga nan sai wata tambaya ta taso, wadda magina da masu walda ke yawan ji a 'yan shekarun nan: Alhaji yana son get ɗin ya riƙa buɗe kansa da rimot, wane inji za a sa?

Kada wani ya ɗauka ƙawa ce kawai. Dubi dillalin da ya taso daga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kuɗin mutane a jikinsa. Ya iso ƙofar gida ya danna ham, ya sake dannawa. Unguwa ta yi tsit, yaron da zai buɗe barci ya kwashe shi a zaure. Sai ya kashe mota, ya fito cikin duhu, ya juya wa titi baya yana kokawa da sakata. Waɗannan mintuna biyu ko uku su ne mafi hatsari a duk tafiyarsa ta ranar. Wanda ya taɓa tsayuwar nan ya san amfanin ƙofar da za ta buɗe yana zaune a mota.

Wannan na'ura ta daɗe a duniya. A 1926 wani Ba'amurke mai suna C. G. Johnson ya ƙera injin lantarki na farko mai ɗaga ƙofar gareji, a jihar Indiyana. Amma ginin can daban, namu daban. Su garejinsu ɗaki ne manne da gida, ƙofarsa mara nauyi, sama take ɗagawa ta kwanta a ƙarƙashin rufi. Mu kuwa mota ta get take shiga ta tsaya a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa. Get ɗin namu ko dai mai ganye biyu ne da ake buɗewa kamar ƙyaure, ko mai gudu a kan taya da ake turawa gefe, ko kuma irin ƙofar shago da ke naɗewa sama, wadda masu sito da masu injin casar shinkafa suka fi so. Kowanne da injinsa. Saboda haka idan wani ya nuna maka inji na gwanjo daga Amurka a farashi mai sauƙi, ka yi hattara. Ba don irin ƙofarmu aka yi shi ba, sannan wutarsu bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Ka jona shi kai tsaye, hayaƙi za ka gani.

Malam mai sauraro, kafin ka je kasuwar Sabon Gari taya inji, fara zuwa wajen get ɗinka. Ka tura shi da hannu ɗaya. Idan ya tafi sumul har ƙarshe, madalla. Idan kuwa sai ka sa kafaɗa, ka cije leɓe, yana ƙara yana turjewa a tsakiya, to ba inji kake buƙata ba tukuna, mai walda kake buƙata. Manoman wannan yanki sun fi kowa sanin haka. Ƙofar ruwa da ke bakin kanal, idan laka da kacalla suka cushe ta, tsatsa ta ci zaren ƙarfenta, ko ƙarti uku suka taru a kan sitiyarin ba za ta ɗagu yadda ake so ba. Haka get yake. Inji ba ya gyara karkataccen layi, ba ya gyara tayar da ta cinye, wahala kawai zai sha har ya ƙone.

Injinan da ke kasuwa, na Afirka ta Kudu ne ko na Italiya ko na Sin, da nauyin ƙofa ake sayar da su: wannan na kilo 500, wancan na kilo 1000. Masu waldarmu kuwa suna son faranti mai kauri da ado mai yawa, kuma mai gida ma haka yake so. Ka tambayi wanda ya ƙera maka get ɗin ƙarfe nawa ya shiga, a ƙiyasta nauyin, sannan ka sayi injin da ya ɗara shi. Akwai kuma dabara mai sauƙi. Sikelin ƙugiya da ake auna buhu da shi, ka maƙala a bakin get, ka ja a hankali har ya motsa, ka duba inda allura ta tsaya. Ka je wa mai sayarwa da wannan lamba, domin takardar inji na ƙwarai tana faɗin iyakar jan da zai iya.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ke raba gardama. Kowa a Kura da Bunkure ya san wuta kan tafi ta daɗe, idan ta zo ma wani lokaci ta yi ƙasa, wani lokaci ta zo da ƙarfin da ke kashe firji. Injin da ya dogara da wutar layi kaɗai zai bar ka a waje a daren da ka fi buƙatarsa. Mai aiki da batir shi ne namu. Batirin ne ke juya injin, wutar layi caji kawai take yi masa, in babu ita ƙaramin faifan sola ɗaya a kan katanga ya wadatar. Rana dai ba ma rasa ta. Abin da za ka sa a ranka shi ne zafi yana rage wa batir kwana, don haka ka tambaya tun farko ko ana samun irinsa a Kano, kuma nawa ne. A sa masa abin kare shi daga tsawa da hawan wuta.

Ƙasar nan tamu kuma tana da nata hali. Inda ake ban ruwa shekara da shekaru, ruwa yana kusa da sama, gindin katanga kan yi danshi ko da rani. A ɗora injin a kan dakalin kankare wanda ya fi inda ruwan damina ke kaiwa, a bi da wayoyi ta cikin bututu, a bar wa ruwa hanyar wucewa a ƙarƙashin layin. Da hunturu ƙura ce, kusa da injinan casa kuma ɓuntu ne ke tashi yana sauka ko'ina. Mutane da yawa kan shafa giris a kan layin da taya ke bi, da niyyar alheri, sai ƙura ta haɗu da shi ta zama kamar kwaɓaɓɓen yumɓu. Tsintsiya layin yake so, kullum da safe. A kuma toshe duk wata kafa a akwatin injin, domin tsaka da tururuwa suna son ɗuminsa, kuma tsaka ɗaya ta isa ta ƙona allon da ke sarrafa shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Gidajenmu cike suke da yara. Suna wasa a bakin get, suna maƙalewa a jikinsa, suna zura hannu tsakanin ƙarafa. Ƙarfe mai nauyin buhun shinkafa uku ko huɗu yana tafiya da kansa, babu ido babu kunne. A Amurka sai da aka yi asarar yara a ƙarƙashin ƙofofin gareji kafin doka ta tilasta, daga 1993, cewa duk injin da za a ƙera sai yana da abin da zai hana shi danne mutum. Mu kada mu jira mu ga gawa. Akwai ƙananan idanu biyu da ake kafawa a ginshiƙan get, suna kallon juna. Da wani abu ya gifta tsakaninsu, get zai tsaya ya koma. Wasu masu haɗawa kan ce a bar su don a rage kuɗi. Don Allah kada ka yarda. Ranar da aka gama aiki, kafin ka biya cikon kuɗi, ka ajiye buhun dusa a kan hanyar get, ka danna rimot kana kallo. Idan ya tsaya ya ja baya, ka biya. Idan ya matse buhun, aiki bai ƙare ba. Ka kuma duba an walda tokare mai ƙarfi a ƙarshen layi ta kowane gefe, don kada wata rana get ya zarce ya kife a kan wani.

Kowane inji na kirki yana da makullin da ke sake shi a tura get da hannu. A nuna wa uwargida da manyan yara yadda ake yi, makullin kuma ya zauna inda kowa ya sani, saboda naƙuda da gobara ba sa jiran mai gida ya dawo. Ƙaramar ƙofa ta masu shiga da ƙafa a fitar da ita daban a jikin katanga. Rimot kuwa a nemi mai sauya lambar sirri duk dannawa, wanda ba a kwafarsa cikin sauƙi, idan ɗaya ya ɓata a sa mai haɗawa ya goge shi daga injin.

A ganina, ga yawancin gidajen wannan yanki, get mai gudu a kan taya da injin batir da faifan sola shi ya fi dacewa. Wanda kuɗinsa bai kai ba bana, ya zuba abin da yake da shi a kan layi miƙaƙƙe da tayoyi masu kyau, ya bar inji sai an girbe shinkafar baɗi. Masu walda da masu haɗa waɗannan na'urori kuma, muna roƙonku, kada ku miƙa wa mai gida rimot sai kun gwada idanun nan a gabansa.