Abotar Alhaji Imam da Malam Zurƙe: Wanki Ne Ko Yaga Riga?

A shekarar 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa, Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Littafin da ya shiga gasar da shi shi ne Ruwan Bagaja. Yau an haura shekara 90, amma in ka ambaci littafin a gaban waɗanda suka karanta shi a makaranta, ba ruwan da aka tafi nema suke fara tunawa ba. Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke tunawa, da yadda shi da Alhaji Imam, jarumin labarin, suka yi ta gasa wa juna aya a hannu, gari bayan gari.

Haɗuwarsu ta farko ma da zalunci ta soma. Alhaji ya sauka wani gari yana cin abinci da sunan malanta, alhali ko bihim bai sani ba. Zurƙe, mai karatun gaske, ya zo zai tona masa asiri. Sai Alhaji ya ja wani lanƙwasasshen zane a ƙasa, ya ce a faɗa masa ko mene ne. Zurƙe ya yi ta jero sunayen haruffa, Alhaji ya ce a'a, jinjirin wata ne. Jama'a suka goyi bayan maƙaryaci, aka kori mai gaskiya. Daga nan sai ramuwa a kan ramuwa, kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami, har daga baya suka shirya suka zama abokan tafiya.

Mutane da yawa kan ce wannan ita ce abota ta gaske, wadda babu munafunci a cikinta. Ni ban yarda ba.

Je ka bakin kogin Mayo Gwoi da ke Jalingo da rani, ka tsaya kan masu wanki. Za ka ga mutum ya jiƙa wando mai kauri, ya goga masa sabulu, ya ɗaga shi sama ya maka a kan dutse, ya murɗe shi har sai jijiyoyin hannunsa sun fito. Wanda bai san wanki ba zai ce gaba yake yi da wandon. Amma ka lura da shi sa'ad da hannunsa ya kai kan mayafi mai laushi, ko wuyan babbar riga mai aiki. Nan take ƙarfin ya sauka. Da yatsu yake cuɗawa, a hankali, ya ɗauraye, ya shanya ba tare da murɗa ba. Ya san abin da kowane yadi zai iya ɗauka, ya kuma san mai kaya zai zo da yamma ya duba. In datti ya fita riga na nan lafiya, an yi wanki. In riga ta dawo da yagewa, ba mai sauraron bayanin cewa da kyakkyawar niyya aka buga ta.

To, bugun da Alhaji da Zurƙe ke yi wa juna ba na fitar da datti ba ne. Babu wanda a cikinsu ya wahalar da ɗan'uwansa don ya gyaru, don huce haushi ne kawai. Abin da ya sa muke dariya maimakon tausayi shi ne ƙarfinsu ɗaya, wanda ya sha kashi yau shi ke da gobe, kuma raunin takarda kafin ka juya shafi ya warke. Jikin ɗan Adam da zuciyarsa ba haka suke ba.

Mu ma muna da wasa mai zafi, ba mu ƙi shi ba. Akwai na taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Fulani da Barebari, ga kuma na Fulani da Tiv da kowa ya sani a nan Taraba. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin al'adun gado na duniya, domin da shi ake kashe wutar rigima. Amma wannan wasa yana da iyaka: kowa na da bakin ramawa, ba a zub da jini, ba a kwana da abin a rai.

Abin da ke damuna shi ne wanda nake gani a majalisun samari, a teburin mai shayi. Kusan kowace majalisa tana da mutum ɗaya da aka mayar abin wasa. An laƙaba masa suna daga in'inarsa, ko ɗingishinsa, ko talaucin gidansu. Wanda ya fi kowa ci masa fuska kuwa shi ne mai saya masa shayi da burodi, shi ke biya masa kuɗin keke, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi shi ne farkon zuwa dubiya. Kulawar gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai ita ce ta zama takunkumi a bakin yaron. Ta yaya zai ce ya isa ga wanda ya ci shayinsa jiya? Sai ya yi dariyar yaƙe, ya tashi da wuri, a ce ai wane ba ya fushi. Zurƙe yana da damar ramawa. Wannan yaro ba shi da ita.

Malaman Hausa na makarantun Jalingo, ku ci gaba da karanta wa yara Ruwan Bagaja, littafi ne da ya cancanci haka. Amma idan an gama dariyar jinjirin wata, ku tsayar da ajin ku tambaye su wa ke da gaskiya a ranar, kuma yaya za su ji da su aka kora daga garin.